Tsabar zinariyar da na gada: ta wane zamani ce, kuma yaya zan tabbatar ba jabu ba ce?

Jikan_Malam

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin tsofaffin kuɗaɗe. A cikin kayan da kakanmu ya bari, Allah ya jiƙansa, akwai wata 'yar tsaba mai launin zinariya da ta faɗo a rabona. An same ta naɗe cikin ƙyalle a akwatin takardunsa, kuma babu wani rubutu da ya bayyana inda ya samo ta. Faɗinta kimanin milimita 20 ne, siririya ce, babu hoton mutum ko na dabba a jikinta, sai rubutun Larabci gaba da baya: layi uku a tsakiya, sannan wani rubutu ya kewaye gefe. Rubutun ba shi da ɗigo kuma ba shi da wasali. Na iya karanta kalmar tauhidi a fuska ɗaya, ɗaya fuskar kuma ta yi kama da Ƙulhuwallahu. Wani ɗan'uwanmu ya duba rubutun gefen ya ce shekara ta 77 bayan Hijira aka rubuta, ya ƙara da cewa in haka ne, abu ne mai daraja ƙwarai. Tambayata biyu ce: wace irin tsaba ce wannan, kuma ta wace hanya zan san ta gaske ce?

Hajiya_Mai_Hakuri

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya gafarta wa kakanku. Kafin masana su zo su yi maka bayani, ka riƙe abu ɗaya: kada ka wanke ta, kada ka goge ta da tsumma ko wani sinadari don ta yi ƙyalli, kuma kada ka bari kowa ya kankare ta. In za ka ɗauka, ka kama ta ta gefe, ka yi hakan a kan wani abu mai laushi saboda kada ta faɗi. Dattin da ka gani a tsakanin haruffan yana daga cikin abin da masu bincike ke dubawa.

Saurayi_Mai_Sauri

Ni ban ga abin wahala a nan ba. Ka kai ta wurin maƙerin zinariya ya goga ta a dutsen gwaji ya ɗiga ruwan gwaji, nan take za ka san matsayinta.

Makerin_Fari

Malam Saurayi_Mai_Sauri, wannan sana'ar tawa ce, kuma ina roƙon mai tambaya kada ya fara da mu. Gwajin dutse yana buƙatar a goge gefen abin har ya bar zane a kan dutsen, wato sai an ci wani abu daga jikinsa, kuma wurin da aka goge ba ya komawa yadda yake. Ga sarƙa ko zobe wannan ba komai ba ne, amma ga tsabar da ake zaton ta haura shekara dubu, lahani ne da mai saye zai gani. Bayan haka, iyakar abin da zan iya gaya maka shi ne ko zinariya ce da kuma yawan gaurayen da ke cikinta. Ba zan iya gaya maka ranar da aka buga ta ba. Maƙeri kuɗin ƙarfe yake lissafawa, kuma abin da ya shiga hannunsa a matsayin ƙarfe, ƙarshensa narkewa ne. Na san tsofaffin abubuwa da suka salwanta ta wannan hanya, kuma abin yana damuna har yau.

Dattijon_Tarihi

Malam Jikan_Malam, bayanin da ka yi ya yi daidai da siffar dinarin Banu Umayya. Kafin zamanin Halifa Abdulmalik ɗan Marwan, Musulmi suna mu'amala ne da zinariyar Rumawa ta Ƙustantiniyya, mai hoton sarki da gicciye, wadda nauyinta ya kai kimanin giram 4.5. An fara da kwaikwayonta, har aka buga wasu masu hoton halifa a tsaye riƙe da takobi. A shekara ta 77 bayan Hijira, wato 696 zuwa 697 Miladiyya, aka cire hoto gaba ɗaya aka koma rubutu zalla, aka tsayar da nauyin a kimanin giram 4.25. Wannan tsarin ya ci gaba da ɗan canji kaɗan har daular ta faɗi a shekara ta 132.

Ga abin da ya kamata ka gani in irinta ce. A tsakiyar fuska ɗaya akwai "la ilaha illallahu wahdahu la sharika lahu", a kewaye kuma "Muhammadun rasulullahi arsalahu bil huda wa dinil haƙƙi liyuzhirahu alad dini kullihi". A tsakiyar ɗaya fuskar akwai "Allahu ahad, Allahus samad, lam yalid wa lam yulad", ba tare da "ƙul huwa" a farko ba, kuma a dinari nan rubutun yake tsayawa, dirhamin azurfa ne ke ƙarasa surar. A kewayen wannan fuskar ne ake rubuta "bismillahi duriba hazad dinar", sannan shekarar ta biyo da kalmomi, domin ba a sa lamba. Galibinsu ba su ɗauke da sunan halifa ko na garin da aka buga su, kuma masana suna jingina su ga Dimashƙa. Idan kuwa ka ga "Muhammad rasulullah" a layi uku a tsakiyar fuska ta biyu, to ta Abbasiyawa ce.

Amma ina so ka raba tambayoyinka biyu kamar yadda ka kawo su. Karanta rubutu yana gaya maka abin da tsabar take iƙirari ne kawai. Ko iƙirarin gaskiya ne, wannan wani bincike ne daban, kuma shi ne mai wuya.

Bakuwa_Daga_Nesa

Ina so in ja hankalin ɗan'uwa kada ya ɗora rai da yawa tun yanzu. Mu ma mun gaji wasu tsabobi masu ruwan zinariya daga kakarmu, masu tambarin sarkin Usmaniyya da lamba 1223 a jiki, kowa a gidan yana ɗaukarsu dukiya. Da aka auna, sai aka ga nauyinsu bai kai rabin abin da ya kamata ba, ashe na ado ne da aka yi da tagulla aka shafa musu ruwan zinariya. Wanda ya duba mana ya bayyana cewa 1223 shekarar hawan Sarki Mahmud na Biyu ce, kuma an daɗe ana kwaikwayon kuɗinsa don yin kayan ado, ba da nufin cuta ba ma. Kakarmu ba ta yaudari kowa ba, ita ma haka ta same su. Daɗewar abu a hannun dangi ba ta tabbatar da asalinsa.

Jikan_Malam

Na gode ƙwarai, Hajiya da Baba Dattijon_Tarihi da sauran 'yan'uwa. Ban wanke ta ba, kuma ba zan kai ta a goga ba. Na sake dubawa, rubutun tsakiya ya yi daidai da abin da Baba ya kawo, har da rashin "ƙul huwa". Na ɗora ta a wani ƙaramin sikeli ya nuna giram 4.2, sai dai sikelin ba ya nuna abin da ya gaza kashi ɗaya cikin goma na giram. Na kuma kusantar da maganaɗisu, bai ja ta ba.

Injiniya_Awo

Maganaɗisu yana fitar da baƙin ƙarfe ne kawai daga lissafi, domin tagulla da azurfa da dalma duk ba ya jan su. Nauyin da ka samu ya fi shi amfani, musamman in aka haɗa shi da faɗi da kauri, saboda zinariya tana da nauyi ƙwarai gwargwadon girman jikinta. Kowace mililita ɗaya ta zinariya tsantsa tana da giram 19.3, dalma 11.3, azurfa 10.5, jan ƙarfe kuma kusan 9. Saboda haka tsabar tagulla mai faɗin dinari ba za ta kai giram 4.2 ba sai ta ninka shi kauri.

Akwai gwajin ruwa da ba ya cutar da tsabar. Ka ɗora ƙaramin kofin ruwa mai tsabta a kan sikeli ka mayar da shi sifili, ka ɗaura tsabar da siririn zare ka nutsa ta cikin ruwan ba tare da ta taɓa gindi ko gefen kofin ba. Abin da sikelin ya nuna shi ne nauyin ruwan da ta ture, sai ka raba nauyinta na busasshe da wannan adadin, ka kwatanta amsar da 19.3 na zinariya. Matsalar ita ce tsabar ƙarama ce. Dinari mai giram 4.25 ruwan da zai ture kimanin giram 0.22 ne kacal. In sikelin ya karkace ya nuna 0.23, amsarka za ta zama 18.5, in ya nuna 0.21 za ta zama 20.2, wanda ya wuce zinariya tsantsa ma. Don haka sai da sikelin da ke nuna kashi ɗaya cikin dubu na giram, kuma ka lura kada kumfar iska ta maƙale a jikin zaren ko tsakanin haruffa.

Malama_Kufi

Ina so in koma kan shekarar, domin a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Rubutun Kufi, wato salon rubutun Larabci na wancan zamani, galibi ba shi da ɗigo, kuma idan aka cire ɗigo, "sab'a" (bakwai) da "tis'a" (tara) sun kusa zama abu ɗaya, haka "sab'in" da "tis'in". Dukkansu haƙora huɗu ne a jere kafin harafin ain. Bambancin yana wurin haƙorin da ya fi tsayi. In dogon haƙorin ne a farko sannan gajeru uku na sin suka biyo, "tis'a" ce. In gajeru ukun ne a farko sannan dogon ya zo dab da ain, "sab'a" ce. A tsabar da ta sha hannu, tsayin haƙoran yana iya gogewa, sai a ga shekara ɗaya tana iya karantuwa 77 ko 79 ko 97 ko 99.

Akwai wata alama da ta fi wannan sauƙin gani. A dinarin shekarun farko, daga 77 zuwa 80, ana rubuta "fi sanati" kafin shekarar. Daga 81 aka daina sa "fi". Malam Jikan_Malam, ka duba tsakanin kalmar "dinar" da kalmar "sana", ka gaya mana ko akwai wata 'yar kalma a wurin.

Jikan_Malam

Malama, na duba da gilashin ƙara girma. Bayan "dinar" kai tsaye "sana" ce ta biyo, babu komai a tsakaninsu, kuma wurin bai goge ba. A kalmar ƙarshe haƙorin farko ya fi sauran tsayi. Kalmar da ke gabanta ce ban iya rarrabewa ba.

Dattijon_Tarihi

To, in haka ne, "tis'in" ce, kuma shekarar ko dai 97 ko 99. Shekara ta 97 tana cikin mulkin Sulaiman ɗan Abdulmalik, wanda ya hau a 96. A 99 kuwa Sulaiman ya rasu Umar ɗan Abdul'aziz ya gaje shi, don haka dinarin wannan shekarar ba a iya cewa tabbas na wane ne a cikinsu. Ka sanar da ɗan'uwanku cikin hikima, domin dinarin 77 yana da wuyar samu matuƙa, na shekarun casa'in kuwa an buga su da yawa kuma ana samunsu a gidajen tarihi da hannun masu tarawa. A ganina wannan labari ne mai daɗi ta wata fuskar. Da tsabar ta ce 77 alhali babu "fi", da na ce maka jabu ce ba tare da na gan ta ba. Yanzu aƙalla rubutunta bai saɓa wa kansa ba.

Mai_Tantama

Ina girmama bayanin Baba da na Injiniya_Awo, amma ina tsoron kada mai tambaya ya fahimci cewa in nauyi ya yi daidai kuma rubutu ya yi daidai, magana ta ƙare. Mai ƙera jabun tsohuwar tsaba da ya san aikinsa ba ya rowar zinariya. Giram huɗu da 'yan kai ne kawai zai kashe, kuma abin da yake fatan samu ya wuce kuɗin ƙarfen, don haka zai yi amfani da zinariya ta gaske, ya daidaita nauyi, ya kwafi rubutu daga ta asali. Kuma wannan sana'a tsohuwa ce. Carl Wilhelm Becker, Bajamushen da ya rasu a 1830, da hannunsa yake sassaƙa hatimin bugu, kuma ayyukansa sun shiga manyan taskokin Turai kafin a gano su. Abin da aka ƙera shekara ɗari biyu da suka wuce zai iya zama a akwatin kaka da kakan kaka, ya yi datti, ya yi laushin hannu, amma duk da haka jabu ne. Ban kuma yarda cewa shekarar da aka fi samu ta fi aminci sosai ba, domin ita ce mai saye ba ya tsananta bincike a kanta.

Dalibin_Ilimi

Maganar kwaikwayo ta tuna mini da wani abu da ya ba ni mamaki. A gidan tarihi na British Museum da ke Landan akwai wata tsabar zinariya ta Sarki Offa, wanda ya mulki Mercia a Ingila daga 757 zuwa 796. An kwaikwayi dinarin Halifa Mansur na Abbasiyawa mai shekara ta 157, da kalmar shahada da komai, sai aka cusa "OFFA REX" a tsakanin layukan Larabcin, kuma a kife. Larabcin yana da kurakurai, alamar mai sassaƙar bai iya karatunsa ba, zane kawai yake bi. Haka 'yan Salibiyya, wato mayaƙan Kiristocin Turai, a Akka da Tarabulus ta ƙasar Sham suka daɗe suna buga kwaikwayon dinarin Faɗimiyawa, har wakilin Fafaroma ya nuna ƙin amincewa a 1250, aka koma buga masu kalaman Kiristanci da haruffan Larabci a 1251. Waɗannan ba jabu ba ne a ma'anar da muke nufi, tsofaffin kuɗi ne da aka yi ciniki da su a zamaninsu.

Bakuwa_Daga_Nesa

Wannan ya ƙara nuna cewa rabon ba gida biyu ba ne. Akwai ta asali, akwai kwaikwayon zamaninta, akwai ta ado irin tamu, akwai kwafin da gidajen tarihi suka yi don koyarwa, sannan akwai wadda aka yi don cuta.

Hajiya_Mai_Hakuri

Tarihin yana da daɗin ji, amma mu koma kan yaron nan da tsabarsa. Me zai iya dubawa da idonsa kafin ya nemi masani?

Mai_Tarawa

Hajiya, abu na farko shi ne ya gane ko bugu ce ko zubi. Dinarin asali bugu ne: ana ɗora guntun zinariya a tsakanin hatimi biyu a doka da guduma, sai ƙarfen ya matsu ya shiga cikin sassaƙar. Saboda haka haruffan suna fitowa da kaifi a inda suka haɗu da fili, wani lokaci rubutun kewaye yana ɗan zamewa ya fita daga gefe, kuma da'irar ba ta cika daidai kamar ta inji. A ƙarƙashin gilashi ana iya ganin siraran layuka da suka nufi gefe, inda ƙarfen ya gudana lokacin bugun. Ta zubi kuwa an narka ƙarfe ne an zuba a mazubi, don haka haruffanta suna yin dagwalgwal kamar sun narke, ana samun ƙananan ramuka ko ƙuraje na kumfar iska a fili, kuma a gefe ana iya ganin layin da ɓangarorin mazubin suka haɗu ko sawun zarton da aka share shi da shi.

Sai dai wannan yana kama jabu mai arha ne. Masu wayo yanzu suna kwafar hatimi daga tsabar asali su buga da matsi. Irin waɗannan ana kama su ne ta hanyar kwatantawa: in aka ga tsabobi biyu ko uku masu tabo ɗaya a wuri ɗaya, da karce ɗaya, to daga uwa ɗaya aka kwafe su, domin karcen da tsaba ta samu a hannun mutane ba ya maimaituwa. Taskar hotuna ta Zeno da ta American Numismatic Society suna da dinaran Banu Umayya masu yawa da za ka kwatanta salon rubutu da su. Malam Jikan_Malam, ka ɗauki hoton fuska biyun da na gefen duka, a hasken rana, hasken yana zuwa ta gefe, da abin awo a kusa.

Jikan_Malam

Na gode, Malam Mai_Tarawa. Na bi gefen da gilashi a hankali. Ban ga layin haɗi ba kuma ban ga ramuka a fili ba, haruffan ma suna da kaifi. Amma akwai wuri ɗaya a gefen da ya ɗan baje, launinsa ya fi sauran haske, kuma 'yan haruffan da ke kusa da shi sun yi laushi. Wannan ya tayar mini da hankali.

Makerin_Fari

Abin da ka siffanta ya yi kama da wurin da aka taɓa liƙa marataya, wato an sa mata ɗan zobe don a rataya ta a sarƙa, daga baya aka cire aka share wurin. Abin liƙin yana da gauraye, shi ya sa launin ya bambanta, zafin wuta kuma shi ke tausasa haruffan kusa. Amma bakin da ake zuba narkakken ƙarfe a mazubi shi ma wuri ɗaya yake bari a gefe, kuma shi ma share shi ake yi. Ba zan iya raba waɗannan biyun ta bayani ba sai na gani.

Dalibin_Ilimi

In dai sawun marataya ne, ai wannan hujja ce cewa tsohuwa ce, tunda an taɓa amfani da ita a matsayin ado tun kafin ta zo hannun kakansa.

Mai_Tantama

Ban yarda ba, ɗan'uwa. Sawun marataya yana nuna an taɓa rataya ta ne, bai nuna yaushe aka yi ta ba. Tsabobin da 'yar'uwa Bakuwa_Daga_Nesa ta ambata ma don a rataya aka yi su tun farko. Abin da ke tabbas shi ne, ko da ta tabbata ta asali, wannan tabon zai rage mata daraja a wurin masu tarawa, kuma ya kamata ya san haka tun yanzu.

Injiniya_Awo

Akwai na'urar da ke haska ƙarfe da hasken eksire ta faɗi sinadaran da ke cikinsa ba tare da ta taɓa shi ba, ana kiranta XRF. In ka sami inda ake da ita, ka nemi a haska tsakiyar fuska biyun sannan a haska wurin tabon daban. In tabon ya nuna azurfa da jan ƙarfe fiye da sauran jiki, maganar liƙi ta yi ƙarfi, in kuwa ƙarfen iri ɗaya ne ko'ina, sai a ƙara zargin zubi. Dinarin wancan zamani zinariyarsa tana da kyau ƙwarai, galibi sama da kashi 95 cikin 100, da ɗan ragowar azurfa da jan ƙarfe. In sakamako ya fito daidai da ƙarat 18 ko 21 na kayan ado, ko kuma ya fito tsantsa tas irin ta matatun zamani, duka biyun abin tambaya ne. Iyakar na'urar ita ce fatar sama kawai take gani, shi ya sa dole a haɗa ta da gwajin ruwa, wanda yake auna jikin gaba ɗaya.

Lauya_Mai_Nazari

Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, shi ne tarihin mallaka. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana safarar kayan tarihi ta sa gidajen tarihi da manyan masu gwanjo suna son shaidar inda abu yake kafin wannan shekarar, kuma ƙasashe da yawa suna da dokokin fitar da irin waɗannan kaya. Don haka kada ka aika ta wata ƙasa ta gidan waya kafin ka san dokar inda kake da ta inda za ta je. Abin da za ka iya yi yau shi ne ka zauna da dattawan gidanku da suka rage, ka rubuta abin da kowa ya tuna: yaushe suka fara ganinta, ko kakanku ya taɓa faɗin yadda ya same ta, ko wata a gidan ta taɓa rataya ta. Ka adana ƙyallen da akwatin, kuma ka bi takardun ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba zai tabbatar da shekarun tsabar ba, amma zai tabbatar da halaccin mallakarka, kuma zai iya warware batun tabon.

Dattijon_Tarihi

Na goyi bayan Lauya. Game da masani kuma, ka nemi wanda fanninsa kuɗaɗen Musulunci na farko ne, domin wanda ya ƙware a kuɗin Rumawa ba lallai ya san salon hatiman Dimashƙa ba. Sashen tsabar kuɗi na gidan tarihin Ashmolean a Oxford, da cibiyar binciken kuɗaɗen Musulunci ta Jami'ar Tübingen a Jamus, da gidan tarihin fasahar Musulunci na Alƙahira, duk wurare ne da ke da irin wannan ilimi. Ma'aikatan gidan tarihi galibi ba sa yi wa abu kuɗi, kuma masanin kirki ba ya yanke hukuncin ƙarshe da hoto, sai ya riƙe abin a hannu. Ka kuma san cewa masana ma suna saɓawa. Akwai tsabobin zinariya masu sunan wani Sponsian, wanda wasu ke zaton sarkin Rumawa ne, da aka ce an tono a Transilbaniya, cikin ƙasar Romaniya ta yanzu, a 1713, an daɗe ana ɗaukarsu jabu. A 2022 wasu masu bincike suka duba wadda ke gidan tarihin Hunterian a Glasgow, suka ce karcen jikinta da ƙasar da ta maƙale mata sun nuna tsohuwa ce, amma masana tsabar kuɗi da yawa ba su gamsu ba. Dinarinka ba shi da irin wannan sarƙaƙiya, tunda akwai ɗimbin 'yan'uwansa da za a kwatanta shi da su, amma neman ra'ayi biyu ya fi ɗaya.

Hajiya_Mai_Hakuri

Ɗana, tunda ka bayyana abin a fili, za ka iya samun masu turo maka saƙo a ɓoye suna cewa za su saya yanzu ko za su kai maka ita wurin wani gwani. Kada ka miƙa ta ga kowa ba tare da rubutacciyar shaida mai ɗauke da nauyi da hoto ba, kuma kada wanda zai saya ya zama shi kaɗai ne zai gaya maka ko ta gaske ce. Ni dai da tawa ce, ko an tabbatar ko ba a tabbatar ba, ba zan yi gaggawar rabuwa da abin da kakana ya naɗe ya adana ba.

Saurayi_Mai_Sauri

Amma in ba sayarwa zai yi ba, mene ne amfanin duk wannan wahalar da kashe kuɗin gwaji?

Jikan_Malam

Malam Saurayi_Mai_Sauri, ba ni da niyyar sayarwa, amma ina so in san gaskiyar abin da zan gaya wa 'ya'yana idan na bar musu. Na sami aron sikeli mai nuna kashi ɗaya cikin ɗari na giram, ya ba ni 4.19. Ban yi gwajin ruwa ba tukuna, tunda Injiniya ya ce wannan sikelin bai isa ba. Na kuma yi magana da gwaggonmu, ta ce ta san tsabar tun tana yarinya, amma ba ta taɓa ganinta a sarƙa ba. Shin ragin da aka samu daga 4.25 abin damuwa ne?

Mai_Tarawa

Ragin 0.06 ba abin damuwa ba ne shi kaɗai. Tsabar da ta zaga hannu tana rasa ɗan nauyi, kuma share wurin marataya ma yana cin wani abu. Da ka ce 3.6 ko 4.6, da na damu.

Mai_Tantama

Ba abin damuwa ba ne, amma kuma ba hujja ba ce, domin mai ƙera jabu shi ma ya san cewa 4.19 ta fi 4.25 cif kama da gaskiya. Maganar gwaggo kuma ta bar batun tabon a buɗe.

Malama_Kufi

Malam Jikan_Malam, idan ka ɗauki hotunan da Mai_Tarawa ya nema, ka ƙara da ɗaya na kusa a kan kalmar da ke tsakanin "sana" da harafin wawun, hasken yana zuwa daga saman haruffan don tsayin haƙoran ya fito. Ina so in gwada raba 97 da 99, kuma ina so in ga yadda aka sassaƙa harafin ain da wutsiyar nun a ƙarshen "tis'in", domin in kwatanta su da dinaran waɗannan shekaru biyu da ba a shakkar asalinsu.